Kafaɗar Gola Ta Goce: Gashi Ta Waya Ko Tafiya Asibiti?

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 23, ina tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a wani gari cikin jihar Jigawa. Mako bakwai ke nan na yi tsalle zan ture ƙwallo, na faɗo a kan hannun dama yana miƙe sama. Na ji kafaɗar ta fita. Abokai suka kai ni wajen mai ɗori, ya ja ta ta koma, ya ɗaure mini ita mako biyu. Ba a yi hoto ba. Yanzu kumburi ya sace, amma ba na iya kwanciya a kanta, kuma in na ɗaga hannu kamar zan jefa ƙwallo sai in ji kamar za ta sake fita. An ce in je gashi Kano, amma tafiyar ta fi awa biyu, kuma wai sau biyu a mako ake zuwa. Kuɗin mota kaɗai ya fi ƙarfina. Wani abokina ya ba ni lambar wani likitan gashi da ke duba mutane ta bidiyo a WhatsApp. Na wayar zai wadatar? Gasa za a fara nan da wata biyu, ba na so a ba wani gurbina.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da jiki, ɗan'uwa, Allah ya ba da lafiya.

Ka tafi Kano, amma ka cire maganar sau biyu a mako daga lissafinka. Kafaɗar da ta fita ta koma ba a yi mata hoto ba, kuma har yau tana barazanar sake fita, dole hannun ƙwararre ya taɓa ta kafin a ɗora mata kowane irin motsa jiki. Bayan wannan zuwa na farko, mafi yawan aikin a ɗakinka za a yi shi, kuma a nan ne waya za ta yi maka rana. In abubuwa suka tafi daidai, zuwa uku cikin wata uku zai ishe ka.

Babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa a jikin ɗan Adam, kuma sakewar ce ta sa take saurin gocewa. Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne kamar lemo, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ɗan faranti ne marar zurfi, bai rufe ko rabin kan ba. Abin da ke riƙe shi shi ne zoben guringuntsi da ya kewaye bakin farantin, da tantani mai ƙarfi da ya lulluɓe gaɓar, da tsokoki huɗu da suka rungume kan ƙashin ta gaba da baya da sama, waɗanda za ka ji ana kira “rotato kaf” a asibiti. Kusan kashi 95 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba take yi, kuma irin faɗuwar da ka siffanta ita ke kawo ta. In kan ya fita, yakan ɓalle zoben nan daga gaban faranti, wani lokaci ya tafi da ɗan ɓallin ƙashi, bayansa kuma ya lotsa a inda ya daki bakin farantin. Mai ɗori ya mayar maka da kan gurbinsa, zafi ya ragu, amma abin da ya yage a ciki ba zai iya ganinsa ba. Wannan fargabar da kake ji in ka ɗaga hannu baya alama ce da muke ɗauka da muhimmanci, domin ita ce kafaɗa ke faɗa maka gabanta bai ƙulle ba.

Shekarunka ma suna cikin lissafi. A wani bincike da aka wallafa a 2006 daga Edinbura ta Sikotilan, an bi mutum 252 'yan shekara 15 zuwa 35 da kafaɗarsu ta goce karon farko aka yi musu magani ba tiyata. Cikin shekara biyu kusan 56 cikin 100 sun sake samun matsalar, cikin shekara biyar kuma kusan kashi biyu cikin uku, kuma samari maza su suka fi shiga ciki. Gola da ke faɗuwa a kan busasshiyar ƙasa kowace yamma yana sahun gaba. Kowace fita kuma tana ƙara cin bakin ƙashin, ta sa gyara na gaba ya fi wuya.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kafaɗa, taɓawa ta kori gani. Likitan gashi zai kwantar da kai rigingine, ya buɗe hannun gefe ya juya shi baya a hankali yana kallon fuskarka, sannan ya danna gaban kafaɗar da tafin hannunsa ya ga ko fargabar ta tafi. In ta tafi, ya san ta inda kan ƙashin ke neman hanya. Zai ja hannun ƙasa ya duba ko rami zai bayyana a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa. Zai sa ka tura hannunsa ta fuskoki huɗu, ya gwada ƙarfin kowace tsoka da ta hagu, domin mutum na iya ɗaga hannu har sama a bidiyo alhali tsoka ɗaya ta yage, sauran na rufa mata asiri. Zai ɗaga hannun da kansa kana sake, ya bambance gaɓar da ta ƙage da wadda rashin ƙarfi ya hana ta tashi. Zai shafa fatar gefen kafaɗa ta waje, daidai inda soja ke liƙa tambari, domin akwai jijiyar saƙo da ke zagaye wuyan ƙashin damtse wadda gocewa kan ja, kuma in ta taɓu wurin yakan mutu, babbar tsokar kafaɗa ta fara motsewa. Zai duba wuya, tunda ciwon wuya kan yi shigar ciwon kafaɗa. Duk wannan bai wuce minti 30 zuwa 40 ba, amma kyamara ba ta iya ko rabinsa.

Sai hoto. Ka nemi a yi na ƙashi ta fuska biyu aƙalla, domin hoto ɗaya ta gaba na iya ɓoye karaya, har ma da kan da bai zauna daidai ba. In sakamakon gwajin ya nuna zoben guringuntsi ko ƙashi ya taɓu sosai, za a tura ka hoton MRI, wanda ke nuna nama da guringuntsi, da kuma wajen likitan ƙashi. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da sashen gashi da likitocin ƙashi a wuri ɗaya, saboda haka ka yi sammako ka yi ƙoƙarin haɗa gani da hoto a rana guda. Kafin ka kama hanya, ka tambaya ko babban asibitin da ya fi kusa da ku yana da likitan gashi da na'urar hoto. In akwai, can ma ya isa a fara.

Yanzu ɓangaren da waya ta yi nasara. Sunan “gashi” da muke kiran wannan aiki yana rikita mutane, sai a ɗauka maganin yana cikin jar fitilar da ake haska wa mutum ko na'urar da ke tsikarar fata. Waɗannan suna rage zafi na ɗan lokaci, amma ba sa ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan. Abin da ke gyara kafaɗa motsa jiki ne da ake ƙara masa nauyi mataki-mataki, kullum, tsawon mako 12 ko fiye. Wanda ke zuwa asibiti sau biyu a mako bai fi awa biyu yake yi a gaban likita ba. Sauran kwanakin shi ne likitan kansa.

Bincike ya goyi bayan wannan. A Ingila an yi wani gwaji mai suna GRASP da aka wallafa a 2021, da mutum 708 masu ciwon tsokokin kafaɗa. Wasu an ba su zama har shida da likitan gashi, wasu zama ɗaya tak ido da ido, aka koya musu motsin, aka ba su takarda da bidiyo da roba suka ci gaba a gida. Bayan shekara ɗaya ba a ga bambanci mai ma'ana tsakaninsu ba. A Kanada ma, a 2015, an gwada gashi ta bidiyo da na ido da ido a kan mutum 205 da aka sauya wa gwiwa, na bidiyon bai gaza ba. Amma ka lura da abu biyu. Mutanen GRASP yawanci manya ne da ciwon ya zo musu a hankali, an ware masu mummunan rauni irin naka tun farko. Kuma dukkansu sai da aka duba su da hannu kafin a sallame su gida. Da a ce ɗan ƙwallon hannu ne ya rubuto yana kukan ciwon da ya taso sannu a hankali saboda yawan jifa, ba faɗuwa, ba gocewa, hannu na ɗaguwa, da na ce ya fara ta waya ya ga yadda mako shida za su kasance. Naka daban ne.

In an tabbatar babu karaya kuma ba a ga dalilin tiyata nan take ba, ka roƙi likitan da ya duba ka ya rubuta abin da ya samu a takarda, ka ɗauki hotonta da na ƙashin. Mafi kyau shi ɗin ya ci gaba da bibiyarka ta waya. In ba zai iya ba, ka tura wa na WhatsApp ɗin takardar kafin zamanku na farko. Tsarin da nake ba da shawara shi ne bidiyo sau ɗaya a mako tsawon wata guda, sannan duk mako biyu, ka koma a taɓa kafaɗar a mako na shida, ka sake komawa kafin ka shiga raga.

Yadda ka ajiye wayar shi ne rabin zaman. Ka jingina ta a kan tebur ko taga daidai ƙirjinka, taku uku ko huɗu daga inda kake tsaye, yadda za a gan ka daga ƙugu zuwa yatsu in ka miƙa hannu sama. Haske ya kasance a gabanka. In ƙofa ko taga na bayanka, inuwa kawai zai gani. Ka cire riga, domin allon kafaɗa shi ne abin kallo, kuma ka sami ƙane ko aboki da zai ɗauke ka ta baya da ta gefe. In sabis na yankewa, kada ku ɓata kati kuna “kana ji na?”. Ka ɗauki kowane motsi bidiyon daƙiƙa 30, ta gaba da ta baya, ka tura, ya maido maka da gyara ta murya. Ka sami alli ka tsaya taku ɗaya daga bango, ka hau da yatsu har inda hannun ya tsaya, ka ja layi ka rubuta kwanan wata. Ka yi haka da hannun hagu ma. Layin hagu shi ne inda kake son kaiwa.

Kayan aiki duk suna gidanku: sanda mai tsawon mita ɗaya, tawul, robar cikin tayar keke da aka yanka ta yi tsawo in ba ka sami robar motsa jiki ba, da ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ledar fiya wata rabin kilo, babbar gora kilo ɗaya da rabi.

Ga yadda shirin kan kasance, ko da yake likitanka zai daidaita shi da abin da ya gani. Makonni biyu na farko ana tayar da tsokoki ne ba tare da gaɓa ta motsa ba. Ka tsaya a bakin ƙofa, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari a lanƙwashe, naɗaɗɗen tawul a hammata. Ka tura bango da bayan hannu da kamar sulusin ƙarfinka, ka riƙe daƙiƙa 10, ka saki, sau 10. Ka juya ka tura da tafin hannu haka nan. Sannan ka kwanta rigingine ka riƙe sanda da hannu biyu, na hagu ya taimaki na dama su tashi ta gaba zuwa sama, sau 10 zuwa 15. Sau biyu a rana.

Daga nan sai nauyi. Ka kwanta a gefen hagu, tawul a hammatar dama, gwiwar hannu a lanƙwashe, ledar ruwa ɗaya a hannu. Ka ɗaga ta daga ciki zuwa sama, daƙiƙa biyu hawa, uku sauka, sau 12 zuwa 15, zagaye uku. Wannan ɗan motsin da ake rainawa shi ke gina tsokokin baya da ke jan kan ƙashi ya zauna tsakiya. Ka ɗaura roba a ƙarfen taga ka ja ta zuwa ciki kamar mai tuƙa kwale-kwale, kana matse allunan kafaɗa baya. Ka juya gefe ka ja ta zuwa cibiya, gwiwar hannu a manne, don tsokar gaba wadda ita ce katangar da ke tare fita. Ka ɗaga gora zuwa tsayin kafaɗa, babban yatsa na kallon sama, hannun ba gaba sak ba, ba gefe sak ba, tsakaninsu. Ka jingina da bango da tafuka biyu kana turawa. Wannan rukunin kwana ɗaya bayan ɗaya ake yin sa, don tsoka ta sami hutu. Ranar da ka yi 15 zagaye uku ba ka gaji ba, ka ƙara rabin kilo, kada ka wuce haka.

Ma'aunin zafi kuwa, ka ɗauki sifiri babu ciwo, 10 kuma ranar da ta fita. Har 3 ko 4 yayin motsi ba laifi, muddin ya kwanta kafin washegari. In ka wayi gari ya fi jiya, ka rage nauyi da rabi kwana biyu. Amma jin zamewa ko “za ta fita” ba a jure masa ko sau ɗaya. Ka tsaya, ka faɗa wa likitan.

Kurakuran da ke ɓata aikin gida sanannu ne, kuma su ne ainihin abin da ake biyan mai bidiyo ya kama. Mutum na ɗaga hannu sai kafaɗa ta riga hannun tashi zuwa kunne, tsokar wuya ta karɓe aikin, a wayi gari da ciwon wuya. Gwiwar hannu na barin haƙarƙari, shi ya sa ake sa tawul: in ya faɗi ka san ka kauce. Ana murɗa ƙugu a ja roba da jiki duka. Ana sakin robar ta koma da gudu, alhali saukar a hankali ita ce rabin amfanin. Ɗan wasa kuma, da ya ji sauƙi a mako na uku, sai ya je ya rataya a ƙarfen raga “don ya gwada”. Ka guji rataya, da miƙa hannu baya ka ɗauko abu, da kwanciya hannu a ƙarƙashin kai, da duk yanayin da hannu ke buɗe gefe ya juye baya, har sai an ba ka izini.

A harkar yau da kullum, in za ka sa riga ka fara zura hannun dama, in za ka cire shi ne na ƙarshe. Wajen kabbara ka bar gwiwar hannu kusa da jiki, wajen tashi daga sujada ka fi dogara da hagu na ɗan lokaci. Ka kwanta rigingine ko a gefen hagu ka rungumi matashi. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ka bar wa wani ita tukuna. Kada ka koma ɗaure hannun, domin a mako na bakwai ɗauri ba abin da zai ƙara maka sai ƙagewa da motsewar tsoka. Matsa da ƙarfi da man zafi ba ya liƙe abin da ya yage. Kuma ina roƙonka kada ka sha diklofenak ko tiramadol don ka iya tsayawa a raga. Suna kashe ƙararrawar da ke kare ka, na farkon kuma in an daɗe ana sha yana taɓa ciki da ƙoda, na biyun yana kama mutum.

Game da mai lambar da aka ba ka, ka tambaye shi cikakken sunansa, inda yake aiki, da lambar rajistarsa da hukumar MRTB, wadda ita ke ba likitocin gashi lasisi a Najeriya. Ƙwararre ba zai ji haushin tambayar ba. Ka lura da zaman farko: in ya tambayi yadda ka faɗi, da ko hannun na mutuwa, da ko kana da sikila ko ciwon suga, in kuma da jin ba a yi hoto ba ya ce sai an yi, to ka sami na gari. In ya turo maka bidiyoyi biyar tun bai gan ka ba, ko ya fara tallar wani magani, ko ya yi alkawarin warkewa cikin mako biyu, ka riƙe kuɗinka.

Maganar gasa, ba zan ɓoye maka ba: wata biyu na iya isa, na iya ƙi. Sharuɗɗan komawa su ne hannun dama ya kai layin hagu a bango ba zafi, ƙarfinsa ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ɗayan, kuma a buɗe shi a juya baya ba ka ji fargaba ba. Biyun ƙarshe hannun likita ne ke auna su, shi ya sa zuwa na uku ya zama dole. Kafin nan sai ka bi matakan gola: cafe ƙwallo daidai ƙirji, jifa ta ƙasa, jifa ta sama a taku 10 sannan 20, faɗuwa gefe daga durƙuso a kan yashi ko katifa, daga tsugune, sannan daga tsaye, kana saukowa a kan gefen jiki hannu na gaba da kai, ba a miƙe can sama ba. Kowane mataki kwana uku zuwa biyar ba matsala kafin na gaba. In likitan ƙashi ya ce a ɗinke zoben, komawa irin wasanka yakan ɗauki wajen wata shida, kuma ga saurayi mai shekarunka wannan shawara ce da ta cancanci a saurare ta da kyau, a yi tambayoyi, ba a guje ta ba. Ka faɗa wa kocinka gaskiya tun yanzu, ka ci gaba da gudu da aikin ƙafa da bugun gida don kada jiki ya yi sanyi.

Akwai abubuwan da ba a jiran ranar bidiyo a kansu. In kafaɗar ta sake fita, kada kowa ya ja ta a fili: a tallafe hannun da gyale a nufi asibiti a yi hoto. Haka in hannu ya fara mutuwa ko yatsu suka yi sanyi suka sauya launi, ko gaɓar ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko ka ga tsokar kafaɗa na ramewa. In kuma ka yi mako shida kana motsin yadda aka ce, layin alli bai motsa ba, fargabar na nan, ka koma a sake dubawa. Ranar tafiya ka sa riga mai maɓalli a gaba, ka zauna inda kafaɗar dama ba za ta matsu a mota ba, ka rubuta ranar da ka faɗi da duk magungunan da ka sha, ka tafi da wanda zai ɗauki bidiyo lokacin da ake koya maka motsin, domin shi za ka riƙa kallo a gida.